Neman Yamutsattsiyar Takarda a Hanyar Sabuwa

Mako uku ke nan da dawowata Kano, amma har yau duk wanda ya leƙo shagona sai ya ja kujera ya ce, "Sagir, wai da gaske ne an ɗaure ka a Faskari saboda takarda?" Ba a ɗaure ni ba, kuma ba a cikin garin Faskari abin ya faru ba. Na gaji da gyara labarin a bakin mutane, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Sana'ata zane a kwamfuta: katin biki, allon talla, a 'yan shekarun nan kuma fim na zane mai motsi. Wata abokiyar aikina, Malama Rabi, ta rubuta gajeren labari a kan wani ƙauye da 'yan bindiga suka tasa, ta ba ni aikin zana shi. A cikin labarin akwai inda ake kawo wa mai gari wasiƙar barazana, kyamara ta tsaya cak a kan takardar. To a nan na maƙale. Takarda a kwamfuta sumul take kamar gilashi. In kana so ido ya yarda ta gaske ce, sai ka ba ta yamutsi, kowane ninki da inuwarsa, kowane tudu da hasken da ke sauka a kansa, rubutun ma ya riƙa karyewa yana bin lanƙwasar. Yadda muke yi shi ne a sami takarda ta gaske, a ɗauki hotonta sau huɗu, kowane karo fitila na haska ta daga wani gefe. Kwamfuta sai ta haɗa hotunan ta gane inda tudu yake da inda kwari yake. Daga nan duk rubutun da ka ɗora a kai zai kwanta kamar da biro aka yi shi.

Na dunƙule takardun shagona na gwada, na haɗa wasiƙa guda. Ni a idona ta yi, har na tura ta wayata ina nuna wa mutane suna rantsuwa hoto ne. Malama Rabi ta ƙura mata ido ta ce, "Rubutun ya yi. Amma wannan takardar ba ta taɓa kwana a aljihun manomi ba."

Sai na tuna Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin firamare a Sabuwa, mutumin da ba ya yar da takarda. Yana da akwatin ƙarfe cike da wasiƙu da tsofaffin takardun gona. Da na ce zan je wurinsa, Umma ta yi kwana biyu tana cewa a'a. Da ta ga na nace, ta ce to in dole ne sai na bi ta Ƙanƙara na kai wa yayarta Goggo Hajara maganin hawan jini. Ran Litinin na ɗauki laftof da kyamara da ƙaramar fitilar aiki na shiga mota.

Daga Kano zuwa Malumfashi tafiya ce irin wadda kowa ya sani, ana hira ana gardamar siyasa. Muna barin Malumfashi hirar ta fara yankewa. Lokacin kaka ne, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya dama da hagu, ba ka ganin abin da ke bayan kunyar gona ta biyu. Na lura kowa tagar gefensa yake kallo.

Gidan Goggo Hajara da na sani ina yaro mutum shida ne a ciki. Yanzu na tarar da shi maƙil, har rumfar awaki an share an shimfiɗa tabarmi. Dangin mijinta ne daga Pauwa suka yo gudu. Goggo ta karɓi maganin ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma mi ya kawo ka wannan ƙasar da tabarau?"

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki a gidan. Mu a Kano sai bayan isha'i ake neman tuwo. Su tun la'asar sakaliya an sauke tukunya, aka kawo mini tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya mai daddawa, aka ce in ci da wuri. Babu wayar da ke ƙara, duk an kashe musu murya. Kuma ba wanda na ji ya ce "'yan bindiga". Sai dai "mutanen", ko "mutanen daji", shi ma a ƙasa-ƙasa kamar suna bayan katanga.

Nan na fara yin wauta. Bayan magariba aka sayo wa yara ƙuli-ƙuli a ƙunshe cikin takardar buhun siminti, ta sha mai ta yi laushi, yamutsinta gwanin kyau. Na shimfiɗa ta a tsakar gida na kunna fitilata. Farin haske ya wanke katanga. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta suri ɗanta, tsofaffi biyu suka faɗa ɗaki, tukunya ta kife. Ban ankara ba Goggo ta doke fitilar daga hannuna.

"Kashe! Kashe ta, don ubanka!"

Da hankali ya dawo ta zaunar da ni ta ce, "Irin wannan hasken su ke zuwa da shi. Waccan da ka gani, da shi aka haska mijinta aka tafi da shi." Na je na durƙusa na ba matar haƙuri. Kai kawai ta ɗaga.

Da safe Goggo ba ta bar ni na fita yadda na zo ba. Ta cire mini tabarau da agogo, ta ba ni tsohuwar rigar mijinta, jakata kuma ta zura ta a buhun taki ta ɗaure baki. Ta raka ni tasha da kanta ta damƙa ni a hannun wata ƙawarta, Hajiya Kulu, mai kai daddawa kasuwannin Faskari da Dandume. Mace ce gajera mai babbar murya. Ta kalle ni ta ce, "Yanzu ka ɗan yi araha. Ka yi tafiya kamar mai ciwon baya, kada ka riƙa ɗaga kai."

Mota ba ta tashi ba sai da rana ta ɗaga, don direbobi ba sa motsi sai motar farko ta iso daga ɗaya ɓangaren ta ce hanya lafiya. Direbanmu Ɗan'asabe, da wata tsohuwar Golf, ba ya kunna rediyo. Idonsa na kan motocin da ke tahowa. Kowace ta wuce sai ya ɗaga yatsa, wancan ma ya ɗaga. Kusa da Ruwan Godiya muka ɗauki lokaci ba mu gamu da kowa ba, ko keke. Ɗan'asabe ya rage gudu, ya gangara gefe, ya juya kan motar inda muka fito, ya kashe ta.

"Lafiya?" na tambaya.

"Yi shiru," in ji Hajiya Kulu.

Muka zauna. Ba ka jin komai sai ganyen dawa na gogar juna. Wani dattijo a gaba yana jan hasbunallahu. Ni kuwa dubawa nake ina zan faɗa in an ce a gudu. Can muka ji ƙarar babur. Ɗan'asabe ya kai hannu kan makulli. Sai ga wani mutum ya ɓullo da akuya biyu ɗaure a baya, yana cin rake. Ya ce tirela ce ta lalace ta tare hanya a gaba, an ma ja ta. Babu wanda ya yi dariya.

A Faskari muka sauka muka ci ɗanwake a bakin tasha. A Kano baƙo in ya tsaya ana tambayarsa me zai saya. A nan mai ɗanwake tana zuba mini mai tana cewa, "Wurin wa ka zo?" Mai shayi ma ya tambaya, mai faci ma ya taso ya tambaya. Kowane karo Hajiya Kulu ke amsawa: "Ɗan ƙanwar Hajara ne ta Ƙanƙara." Ɗan'asabe ya sami fasinjan Dandume ya ce mu koma motarsa, daga can Sabuwa ba nisa.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen da aka tsayar da mu ba. Gungumen itace ne a gicciye a hanya, da 'yan sa-kai kamar goma, da bindigogin toka da adduna, layu har wuya. Ɗan'asabe ya san su, har suka gaisa. Aka ce kowa ya fito ya miƙa waya. Ashe haka suke yi, suna duba hotuna da lambobi saboda masu kai wa mutanen daji rahoto. Na miƙa tawa ba tare da tunanin komai ba.

Wanda ya karɓa wani dogo ne mai jajayen idanu, daga baya na ji sunansa Lawwali. Yana ta turawa da babban yatsa, katin biki, katin suna, sai ya tsaya. Ya matso da wayar kusa da fuskarsa, leɓɓansa na motsi. Sai a lokacin na tuna abin da ke ciki. Ya karanta da ƙarfi:

"Zuwa ga mai gari. Ku tashi daga garin nan kafin Juma'a. In kun ƙi, kun san sauran."

Sannan ya yi ihu, "Ga shi! Wallahi ga mai rubuta musu!"

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Mari ɗaya na tuna, da gindin bindiga a kafaɗata. Aka ja ni ƙarƙashin wata ɗorawa. Wani ya kwance buhun taki, ga kyamara, ga laftof, ga fitila. Duk dabarar Goggo ta koma shaida a kaina: mutum da rigar talaka, ya ɓoye kayan leƙen asiri a buhu. Mutanen gari suka fara fitowa, mata a baya, wasu da taɓarya. Ina cewa "Fim ne, wallahi fim ne," amma ni kaina ba na jin muryata. Na ji wani yana cewa a kai ni bayan dutse. Na fara kalmar shahada, harshena ya ƙi juyawa daidai.

Ɗan'asabe ya ce fasinja su shiga mota. Ban ga laifinsa ba. Amma Hajiya Kulu ta zauna daɓas a kan gungumen da ya tare hanya ta ce, "Ba inda za ni. Amana aka ba ni shi. In za ku kashe shi ku kira babbanku shi kashe shi gabana."

Babban nasu ya zo, wani tsohon maharbi siriri, ana ce masa Baba Manu. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna gabana ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

"Yaro, ina takardar take?"

"Baba, babu takarda."

"To hoton mi aka ɗauka?"

"Ba hoto ba ne. Ni na zana ta a wancan injin. In kun bar ni zan nuna muku."

Aka turo mini laftof da ƙafa. Na buɗe, sai na ga cajin saura kaɗan, don a gidan Goggo babu wuta. Aikin kuwa nauyi gare shi, yakan daɗe kafin ya buɗe. Ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa, bakin bindigar Lawwali na taɓa ƙeyata. Ban taɓa roƙon Allah a kan na'ura ba sai ran nan.

Ya buɗe. Na ce, "Baba, duba. Hawa-hawa ce, kamar shimfiɗar gado." Na cire inuwa, takardar ta yi fayau. Na cire yamutsin, ta miƙe sumul. Na cire dattin, ta koma fara fat, rubutu kawai a kai. Mutane suka matso suna salati. Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta sake zama tsohuwar wasiƙa.

Baba Manu ya ce, "Share wannan. Rubuta, Manu ya gaida Hajiya mai daddawa."

Na rubuta. Kalmomin suka fito a kan yamutsattsiyar takardar, suna bin ninki kamar an yi shekara da rubuta su. Wasu suka yi dariya. Na ɗauka na tsira. Sai Lawwali ya ce:

"Baba, ai wannan ya fi muni. Ashe yana iya yi wa kowane gari tasa. Shi tura a waya, mutane su watse, a zo a kwashe amfanin gona."

Dariyar ta ɗauke. Kuma gaskiya ya faɗa. A daidai lokacin allon laftof ya yi baƙi.

Baba Manu ya shafa gemu. Sannan ya cire hularsa, ya zaro wata takarda daga cikinta ya warware a hankali. Fallen littafin makaranta ne mai layi, an ninke shi gida huɗu, tsaf. Babu yamutsi ko ɗaya. Gefunan ne kawai suka yi duhu saboda yawan hannun da suka riƙe ta. Ya ɗora ta kusa da wayata.

"Lawwali, dubi nan. Wannan ita ce tamu, shekaranjiya aka aiko ta. Ka ga an dunƙule ta? Su ba su dunƙulewa, so suke a karanta. Mu kuma wa ke da zuciyar dunƙule ta? Wanda ya zana waccan bai taɓa riƙe ta gaske ba. Da ya taɓa, da bai yi mata haka ba." Ya juyo gare ni. "Wa ka ce za ka wurinsa a Sabuwa?"

Na ce Malam Ilu, tsohon malamin firamare. Wani daga cikinsu ya ce ya san shi, shi ya koyar da su a aji huɗu. Aka sa shi ya hau dutse inda ake samun sabis ya kira Kawu a waya, ya daɗe, ya sauko ya ce malam ya ce ɗan yayarsa ne, kuma tun yana yaro ba ya jin magana.

Aka ba ni ruwa a kofin silba, rabinsa ya zube a rigata. Na ga abin da ke rubuce a wasiƙarsu. Ita ma Juma'a ta ce. Ran nan Talata.

Ina tattara kayana Baba Manu ya ce, "Tsaya. Ka ce fim za ka yi, mutanen birni su gani?" Na ce e. Ya miƙo mini takardar. "To ɗauki ta gaske."

Muka shiga wani zaure mai duhu. Na shimfiɗa ta a kan faifai, na ce ina buƙatar mai riƙe fitila. Lawwali ne ya karɓa. Na ce ya haska daga gabas, ya haska. Daga yamma, ya zagaya. Hoto na uku ya ƙi fitowa sosai, sai na lura hasken ne ke rawa. Na ɗaga kai. Bai kalle ni ba ya ce, "Matata na hannunsu. Wata biyu ke nan." Ya riƙe fitilar da hannu biyu muka ƙarasa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Baba Manu ya sa aka rubuta mini lambarsa a bayan hannuna.

A Dandume muka rabu da Hajiya Kulu. Ta ce, "Ka gaida Hajara, ka ce mata kada ta ƙara ba ni ajiyar mai rai." Ta tura mini ƙullin daddawa a buhu ta shige kasuwa.

Na isa Sabuwa kafin la'asar. Kawu Ilu yana tsaye a ƙofar gida. Ya taɓa kumburin fuskata, ya sa aka dafa mini ruwan zafi, aka kawo shinkafa da wake da rake yankakke. Washegari ya buɗe akwatin. Na yini a ɗakinsa ina ɗaukar hoto: wasiƙun ajami da suka yi ja, takardun auduga, wata wasiƙa da Umma ta aiko masa tana amarya. Abin da na zo nema na same shi fiye da yadda na zata, amma duk ƙarar babur da na ji a waje sai hannuna ya tsaya. Na ce Kawu ya biyo ni Kano. Ya ce masararsa ba ta bushe ba tukuna.

Ran Alhamis na dawo ta Funtuwa da Zariya. Umma ta ga fuskata ta zauna a ƙasa tana kuka.

Ran Juma'a tun da hantsi nake kiran Baba Manu, ba ta shiga. Na kira bayan masallaci, na kira da la'asar. Asabar ma haka. Na kasa cin abinci, na kasa buɗe aikin. Sai Lahadi da rana ta shiga, iska na kaɗawa a cikin wayar, alamar yana kan dutse.

"Baba, Sagir ne, mai takarda."

"Na gane ka. Ka isa lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, sun zo?"

"Ba su zo ba tukuna. Mun kwashe mata da yara mun kai Dandume. Mu muna nan, dawa ta kusa isa yanka." Ya yi tari. "Ka gama fim ɗin?"

Na ce ban gama ba, aikin yana ɗaukar lokaci.

Ya ce, "To ka yi sauri, yaro, tun akwai garin."